Mahawa Dutsen Kwatarkwashi da Ɗabi'unsu

Matafiyin da ya bar Gusau ya nufi Tsafe bisa hanyar Funtuwa, ba zai yi nisa ba sai Dutsen Kwatarkwashi ya cika masa ido, ga shi tsaye ƙiƙam, garin yana kwance a gindinsa. A ƙarshen damina, sa'ad da marka ta fara sassautawa, gero ya nuna, ciyawa ta rufe tsagogin dutse har akuya tana ɓacewa a ciki, samari da dattawan da ba su yarda shekaru sun ja ba sukan ƙulla niyyar hawa, musamman a zamanin da hanya take lafiya, kafin sha'anin 'yan bindiga ya sa kowa ya riƙa duban rana kafin ya bar gari. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ayari ya san ko an sake mutanen, ɗabi'un ba su sakewa.

Na gaba a tafiya kullum shi ne mai cika baki. Tun a mota yake kallon dutsen da wutsiyar ido yana cewa, "Yo wanga ɗan dutsi? Muna yara, kahin a sauke tuwo mun hau mun sauko." Zai naɗe ƙafar wando ya wuce yaron da aka ɗauko ya nuna hanya, har a kai falalen farko da gansakuka ta lulluɓe, inda santsi ba ya sanin girman kowa, a nan ne ƙaya takan shige masa takalmi, in an cire ta kuma sai wani tsohon targaɗe da ya samu a fagen kokawa, wanda babu mai shaidarsa a raye, ya motsa.

Wanda ya fi shi hikima nesa ba kusa ba shi ne Malam mai tarihi, domin shi bai taɓa furta cewa ya gaji ba, illa dai Allah Ya hore masa ilmin da ba ya tasowa sai numfashi ya yi ƙaranci. Zai tsaya cik, ya dogara da sanda, ya ce, "Yara, ku dakata, akwai fa'ida a nan wurin." Almajiransa kuwa, da yake yau da gobe ta koya musu, sun gano cewa ana auna gajiyar Malam da tsufan labarinsa. In 'yar kasala ce, sai ya tsaya a 1996, shekarar da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, ya ƙare cikin jimla uku a ci gaba. In gwiwa ta fara rawa, sai ya koma shekarun 1920, ya shigo da jirgin ƙasa Gusau a kan hanyarsa ta zuwa Ƙaura Namoda, ya loda masa gyaɗa da auduga tarago tarago. In kuwa al'amari ya tsananta, har ya nemi dutse ya zauna ya cire hula, to sai 1903, shekarar da mayaƙan Kano suka yi karo da sojan Nasara a ƙasar Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya yi shahada. Kuma duk wanda ya ji Malam ya gangara 'Yandoto, birnin malamai na kusa da Tsafe, ya fara bayanin saɓaninsu da masu jihadi, to ya nemi inuwa ya shimfiɗa rawaninsa, don ba a tashi sai rana ta karkata. Ni dai ban ga laifinsa ba, gama abin da yake faɗa gaskiya ne, kuma rabin masu gunaguni a asirce godiya suke yi.

Ba a rasa mutumin Bungudu mai tuna wa jama'a a kowace kwana cewa dutsen nan a ƙaramar hukumarsu yake, alhali shi kansa sai da ya ratsa Gusau kafin ya iso. Ba a kuma rasa na Tsafe mai amsa masa da cewa duwatsun garinsu sun fi wannan tsari.

Sai mai tsoron iskoki, wanda ya ji tun yana goye cewa mutanen da can sun yi tsafi a dutsen nan, suna bikin kamun maiki, kuma bai taɓa gamsuwa cewa mazauna kogunan sun samu labarin zuwan Musulunci ba. Ayatul Kursiyyu ba ta barin bakinsa, rema ta gilma ya yi salati, iska ta kaɗa ciyawa ya yi ta'awwuzi, ya hana kowa nuna kogo da yatsa. Amfaninsa guda: shi kaɗai ne ba ya barin ayari ya rabu, saboda ba ya yarda ya zama na ƙarshe, ba ya kuma yarda ya zama na farko.

Mai guzuri da safe abin dariya ne, yana nishi ƙarƙashin jaka cike da hoce da ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa da goran fura, ana ce masa ko Makka za shi a ƙasa. Da azahar kuwa sai ka ji wanda ya fi kowa yi masa ba'a yana kiransa "Yaya", yana tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Ɗan gaye mai farar shadda da takalmi sau-ciki ba ya bukatar dogon sharhi: hoto ya kawo shi, ya ɗaga waya sama yana neman sabis, ƙarangiya da ƙaiƙayi kuma suna yi wa shaddar hisabi.

A bisa ƙololuwa, inda gonaki suke shimfiɗe kore shar iyakar gani, motoci a kan kwalta kamar tururuwa, manomin cikin ayari ba ya cewa komai game da kyan wuri. Ƙiyasin dammuna yake yi a gonakin da ba nasa ba, yana ƙyaɓe baki ga wanda bai yi maimai da kyau ba. Nan ne kuma masu jayayya biyu suke samun abin da suka hau nema, wato ruwan sama da ya taru a kwarmin dutse, ya yi kore, talibambam na iyo a ciki. Ɗaya ya ce alwala da shi ta inganta, tun da abin da ya canza shi daga mazauninsa ne, ya kafa hujja da Risala. Ɗayan ya ce wari ya yi yawa, taimama ta fi, ga dutse kuwa ko'ina. Ana cikin kawo ƙauli da ba'adi sai hadari ya haɗo daga gabas, mas'alar ta warware ba tare da ijma'i ba, kowa ya shafa abin da ya samu, aka sallame, aka kama gangara, wasu da ƙafa, mafi yawa da mazaunai.

A gindin dutse za a tarar da na ƙarshensu, wanda tun da hantsi ya ce shi zai tsare mota, ya wuni a inuwa yana cin gasasshiyar masara yana hira da mutanen gari. Tufafinsa fes, bai ɗanɗana santsi ba, ya kuwa tattara labarin kowa a hanyar komowa. Bayan isha'i, a teburin mai shayi a Tudun Wada, shi za ka ji yana ba da labarin hawan filla-filla, har da maikin da ya kusa fizge masa hula, waɗanda suka hau ɗin kuwa suna gida ana gasa musu gwiwa da ruwan zafi.