Yadda Ake Rage Ƙotar Bindigar Toka, Daga Bakin Wanda Ya Rage Fiye da Kima

Mai wannan shafi ya gaji bindigar toka daga kakansa, wani dogon maharbi da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Shi kuwa jikan, tsawon bai biyo ta kansa ba. Duk sanda ya kafa gindinta a kafaɗa, sai ya miƙe wuya kamar zakara zai yi cara kafin yatsansa ya taɓa kunama. Sai ya ce bari ya rage ƙotar da kansa. Ga abin da mako uku suka koya masa.

Na ɗaya, a zura sandar ɗuri a tabbatar cikinta wayam ne. Albarushi yana iya shekaru a ciki da ransa, kakanni kuma ba sa barin wasiyya kan wannan.

Na biyu, awo. A Amurka, inda jihohi da dama ke ware wa masu irin wannan bindiga lokacin farautarsu daban, yawanci tsakanin kunama da ƙarshen gindi inci 13 da rabi ne. Tsohuwar dabara ita ce a ɗora gindin a lanƙwasar gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai. Mutuminmu ya yi hakan, ya ja layi da fensir, sannan ya tafka kuskuren fitowa ƙofar gida da zarto.

Nan fa mashawarta suka sauka. Mai shayi ya ce layin ya yi baya. Wani da ya taɓa riƙe wa ɗan bindigar sarki buta ranar hawan daushe ya rantse cewa itacen kirya ne, zarto ba zai ci ba. Maɗaci ne. Wani tsoho bai ce uffan ba, yana ta girgiza kai kawai, wanda ya fi duk maganar ciwo. Haba jama'a! Mutumin da ƙotar fartanyarsa ke ɗaure da tayar keke, shi ne zai koya wa wani sassaƙa? A cikin wannan hayaniya aka ƙara inci ɗaya a kan layin, "don a huta gaba ɗaya". Zarto dai ba ya mayar da abin da ya ci.

Na uku ne ko na huɗu, guga. Fasasshiyar kwalba tana kankare tsohon datti tsaf, haka take yi wa babban yatsa. Daga nan samfefa mai lamba 80, sai 120, sai 220, ana bin tsawon itacen, a shafa jiƙaƙƙen tsumma gashin katako ya tashi, a sake gogewa.

Batun mai kuwa, Turawa man linsid suke shafawa kaɗan-kaɗan, kowace shafa ta kwana ta bushe, kuma tsummansa in aka dunƙule yana iya kama wuta shi kaɗai. Mutuminmu bai samu ba, ya ɗebi man gyaɗar uwargida. Man gyaɗa ba ya bushewa. Ƙurar hunturu ta manne, kiyashi suka yi gayya, uwargida kuma har yau tana lissafin kwalbarta.

Shawara ta gaba ita ce... a bar ta kawai.

Yanzu in ya kafa gindin bindigar a kafaɗa, babban yatsansa a kan hancinsa yake zama. Tana rataye a bango tana warin ƙuli-ƙuli. Duk mai guntun maɗaci da ya kai inci ɗaya, da masassaƙin da ba ya dariya, don Allah a taimaka.