Ruwa Ba Sa'an Wando Ba Ne

Ina rubuta wannan ne a tsaye, domin har yanzu cinyoyina ba su shirya da kujera ba. In kun ji zancen yana ɗingishi, ku yi mini uzuri.

Taron aiki ne ya kai mu Fiji, ni da wani abokin aikina Bazazzage. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 330 a tekun Fasifik, kuma tana cikin 'yan tsirarun da suka ga koren fasfo ba su ɓata rai ba. An tashi taro a Nadi, guzuri ya yi ɗan saura, sai ga Bazazzage da takardar talla yana washe baki. Wai akwai wani fas da ake saya sau ɗaya, mutum ya yi ta hawa jirgin fito yana sauka tsibiri-tsibiri a jerin Yasawa har kwanakin da ya biya su ƙare. Ba a maimaita wa Bakano zancen a biya ɗaya a hau da yawa.

Jirgin babba ne, mai gindi biyu, da kujeru masu taushi da kantin shayi. Kowace safiya yakan tashi daga tashar Denarau, ya miƙe arewa yana bin tsibiran ɗaya bayan ɗaya, Kuata, Waya, Naviti, har can Nacula, tafiyar kusan awa 5, sannan ya juyo ya biyo sawunsa. Sau ɗaya yake hawa a rana, sau ɗaya yake gangarowa. Fas ɗin bai haɗa da ɗaki ba, kuma kowace tafiya sai ka sanar tun da wuri, ka faɗi masaukin da za ka. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne jirgin ba ya zuwa gaɓa. Yawancin tsibiran ba su da kwata, ga duwatsun murjani sun kewaye su, don haka sai ya rage wuta a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage masu inji a baya su taso su manne masa a gindi, kamar 'yan acaɓa sun ga an sauke fasinja a tashar Unguwa Uku. A nan ake miƙa jakunkuna, kowace da alamar masaukinta a ɗaure, a miƙa buhun fulawa da tukunyar gas, sannan a miƙa mutane.

A Kuata teku tana kwance lumui. Na taka na sauka, ko ɗigon ruwa bai taɓa ni ba, har na yi wa Bazazzage gori don ya riƙe hannun yaron jirgi.

Ranar da za mu Naviti na ci ado, saboda za a ɗauki hoto. Farin kaftani da wandonsa, guga har tana yanka, da hulata zanna bukar. A saman jirgi na zauna kusa da wani dattijo ɗan ƙasar, gashinsa fari fat, yana ɗaure da zanen nan da mazansu ke sawa, sulu, nasa ma har da aljihu. Da ya ji daga Nijeriya nake sai ya kama hannuna ya ƙi saki. Ashe tsohon soja ne. Yana cikin waɗanda Fiji ta tura kudancin Lebanon a 1978 aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma yi zama da sojojinmu a can. Daga nan ya raɗa mini suna Nijeriya, ni kuma ina ce masa Baba. Ya ba ni labarin shingen bincike, da sanyin hunturu, da barkonon 'yan Nijeriya da ya hana shi barci. Kafin a sanar da Naviti mun zama ɗa da uba.

Iska kuwa ta taso. Daga Mayu zuwa Oktoba haka take kaɗawa daga kudu maso gabas, ba don ni aka fara ba. Muka gangara bayan jirgi. Aka ba ni rigar ceto ruwan goro. Don kada farin yadi ya jiƙe sai na tattare kaftanin zuwa ƙugu, na ɗora rigar ceton a kai, aka ja maɗaurinta tamau. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba. Baba ya riga ya sauka, ya hakimce a kan kular kifi a cikin wani ƙaramin jirgi, yana yafito ni. Hannuna na hagu na kan ƙarfen matakala, na dama na dafe da hula saboda iska. Fas ɗin, takarda ce a cikin leda, babu hannun da zai riƙe shi, sai na cije shi da haƙori.

Na yi bisimilla na miƙa ƙafar dama. Ta sauka a bakin ƙaramin jirgi daram. Ƙafar hagu tana shirin biyo 'yar'uwarta ke nan, igiyar ruwa ta shigo tsakani, jiragen nan biyu suka raba jaha.

Ban san Allah ya yi wa ƙafafuna wannan tsawo ba sai ranar. Dama ta nufi Naviti, hagu ta ce ita Denarau za ta koma, ni kuwa ina tsakiya, ƙarƙashina ruwa shuɗi mai haske har ina hango wasu 'yan kifaye masu ratsin rawaya suna harkar gabansu. Iyo dai ban iya ba. Ko kududdufin unguwarmu daga nesa muke gaisawa. Sai na ji wani abu a ƙuguna ya ce ɗas. Ƙaramin sauti ne, injuna na ruri, amma na ji shi har cikin ƙwaƙwalwata. Mazagi ya tsinke.

To ga inda lissafi ya rikice. Muddin ƙafafuna na buɗe, wandon nan yana tokare a cinyoyi, ba shi da hanyar sauka. Da zarar ruwa ya dawo da jiragen kusa da juna, ƙasusuwana suka samu sa'ida, sai wando ya samu hanya ya zame taƙi guda. Jirage su rabu, in ji kamar za a tsaga ni biyu amma asirina a rufe. Jirage su haɗu, in numfasa, wando ya ƙara yin ƙasa. Na rasa wacce addu'a zan yi, ta haɗuwa ko ta rabuwa. Kaftanin da zai rufa mini asiri kuwa yana can ɗaure a ƙirjina, ni na tattare shi da hannuna. In saki ƙarfe, ruwa. In saki hula, zanna bukar ce ta gaske, Bakano ya san nawa ya biya. In buɗe baki in nemi agaji, fas ya tafi da sauran kwanakin da ke cikinsa.

A wannan hali ne Baba ya gyara zama a kan kular kifi, ya ɗaga yatsa.

“Nijeriya! Kada ka kalli ruwa. Kalli can inda sama ta haɗu da teku.”

Na kalla. Kyau dai akwai kyau. Wando ya kai tsakiyar cinya.

“Yauwa. Yanzu ka riƙa ƙirga igiyoyin. Ta bakwai ita ce babbarsu. Ka fara daga ɗaya.”

Na ce, “Mmm!” Abin da bakin da ke cike da leda zai iya faɗi ke nan. Baba ya ɗauka amsa ce ta ɗalibi mai ladabi, sai ya ƙara himma.

“Numfashi ta hanci, ɗana. Mutum ba ya nutsewa sai in ya tsorata. Ka san ruwan nan da ke bayanka? Bligh ake kiransa. A 1789 wani kyaftin ɗin Ingila mai wannan suna, yaransa suka yi masa tawaye suka ƙwace jirginsa, suka zuba shi da mutum 18 a wani ɗan jirgi da bai wuce mita 7 ba. Ta nan ya wuce. Kakanninmu suka biyo shi da kwalekwale biyu, ya tsere musu, har ya kai Timor, tafiyar gaba ɗaya sama da kilomita 6,000. Ko mutum ɗaya bai faɗa ruwan nan ba!”

Na so in tambaye shi ko Bligh ɗin a jirgi ɗaya yake ko biyu. Babu bakin tambaya.

Sai ya yi shiru, ya karkata kai yana nazarina, irin kallon da kwamanda ke yi wa taswira. Na ce alhamdu lillahi, soja ya gano dabara. Ya buɗe baki a natse ya ce, “A ganina, gara ka zaɓi jirgi ɗaya.”

Daidai nan ta bakwai ɗin ta iso, ko ta shida ce, ni dai ƙirga ya ɓace mini. Jiragen suka haɗu har suka gogi juna, ƙafafuna suka dawo wuri guda a karon farko, wando ya ce salamu alaikum, ya sulale har idon sawu. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa gajeren wando ne da tela ya haɗa mini da ragowar atamfar ankon bikin ƙanwar maiɗakina, kore shar da manyan furanni ruwan hoda. Mutanen saman jirgi duk sun leƙo, Turawan Ostareliya da jajayen kafaɗu, 'yan mata da tabarau, yara, ma'aikata. Aka yi tsit na ɗan lokaci. Wata tsohuwar Baturiya ta ce kai, yadin nan ya yi kyau.

Wani saurayi daga cikin yaran jirgin ne ya kawo ƙarshen zancen. Mutanen nan rugbi ne wasansu, shi ya ba su zinaren Olamfik na farko a Rio a 2016, kuma a ranar na gane yadda ƙwallon take ji. Ya cafe ni ta ƙugu da hannu ɗaya, ya ɗaga, ya miƙa wa na cikin ƙaramin jirgi, shi kuma ya dire ni a kan buhun fulawa. Ni na iso. Wandon bai iso ba. Na hango shi a kan ruwa, ƙafafunsa a buɗe, yana bin iska ya nufi yamma, wajen Vanuatu.

Na kalli abin a wayar Bazazzage daga baya, domin shi gudummawar da ya bayar ke nan, ya tsaya a saman bene yana ɗauka. A raina an yi rabin awa. A waya ko minti ɗaya bai cika ba. Ana jin muryarsa yana cewa, “Ka yi ta maza, mutumina, Kano ba ta taɓa faɗuwa ba,” yana dariya har hoton na rawa. Akwai wani wuri da nakan tsayar in sake kallo, inda idanuna suka fito waje, hula na zaune daidai a kaina ko karkacewa ba ta yi ba, leda na kaɗawa a bakina, a gefe kuma yatsan Baba na sama yana kan 1789. Na mayar da shi baya na sake kallo, ko zan ga inda da na yi wani abu dabam. Babu. Laifin mazagi ne, kuma in Allah ya mayar da ni gida akwai telan da za mu yi magana ta fahimta.

Sai da ƙaramin jirgin ya yi nisa na lura babu jaka ko ɗaya a cikinsa, sai fulawa da gas da kifi. Ashe ba na masauki ba ne, na ƙauyen su Baba ne. Jakata mai alama ta bi jirginta, Bazazzage ya bi jakata, babban jirgi kuma ya yi arewa. Baba ya ce babu komai, ai baƙonsa ne ni, da yamma za a kai ni. Sai dai ƙauye yana da ƙa'ida: ba a shiga da gwiwa a buɗe, ba a kuma sa hula, don raini ne ga sarkin gari. Ya zaro wani sulu daga jakarsa ya ɗaura mini da kansa, ya miƙo hannu ya karɓi zanna bukar, wadda na sayar da mutuncina don in tsirar da ita. Haka na taka ƙasar Naviti, magidanci ɗan cikin ganuwa, da zane, kai babu hula, fas a hannu da shatin haƙorana reras a jikinsa.

Baba ya gabatar da ni ga duk wanda muka gamu da shi, kowa kuma sai ya ba shi labarin tun daga farko, yana buɗe ƙafafu yana gwadawa. A kowane zagaye rawar da ya taka tana ƙara girma. Kafin mu kai ƙofar gidansa shawararsa ce ta cece ni. Da muka zauna aka kawo dafaffen rogo da kifi, ya dafa kafaɗata cikin tausayi.

“Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai, ɗana. 'Yan Nijeriyar da na sani a Lebanon, dukansu bel suke ɗaurawa.”

Fiji tana gaban Kano da awa 11, don haka la'asar ɗinmu ita ce asubarsu. Ana cikin shirin mayar da ni masauki wayata ta samu ɗan sabis, ta hau ruri. Maiɗakina ce. Ashe Bazazzage ya riga ya tura wa matarsa, ita kuma ba ta da rowa. Na gyara murya irin ta wanda ya tsallake rijiya da baya, na yi sallama.

Ta ce, “Malam, ashe kai ka ɗauke mini ragowar atamfar nan? Ni ina can ina zargin 'yar aiki.”