Yadda Za Ka Zama Gwanin Sharhin Littafi a Fada Ba Tare da Ka Wuce Shafi na Goma Ba

A Ibohamane, kamar sauran garuruwan Adar daga Keita zuwa Buza da Madawa, littafin hikaya ba ya zuwa da ƙafarsa. Ɗan ci-rani ne ke cuso shi ƙasan jaka idan zai dawo noma daga Kano ko Sakkwato, ko ɗalibar da ta zo hutu daga Tawa, ko mushen lakwal da zaman shiru ya isa. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa uku, bangon ya fita, shafin ƙarshe ya tafi ƙunshin ƙuli-ƙuli. Littafi kam yana ƙaranci, amma ra'ayi a kansa, alhamdu lillahi, ko shekarar fari ba mu rasa shi ba. To, ɗan'uwa, in kana son ka yi suna a fada cikin masu ra'ayin nan, ga hanya.

Na farko, ka mallaki alama. Samo littafi ko na aro ne, ka sa a aljihun gaba yadda sunansa zai leƙo. Soka tsinken tsintsiya a tsakiya, kowace safiya ka matsar da shi gaba kaɗan. In aka ce, "Malam, me ake karantawa ne?" kada ka kuskura ka ce yanzu ka fara. Yi ajiyar zuciya ka ce, "Wallahi Ruwan Bagaja nake ɗan maimaitawa." Wanda ke maimaici ba a tambayarsa inda ya tsaya.

Na biyu, ka haddace shekaru, domin mai shekara a baki ba a ja da shi. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai daga Zariya, aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Jero su daidai lokacin da mai shayi ya ɗaga buta sama yana tada kumfa, sa'ad da kowa ya yi tsit. Daga nan ka girgiza kai ka ce, "Kai, Malam Zurƙe!" ka yi dariya kai kaɗai. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai taya ka, har ya ba da labarin tsiyar da Zurƙe da Alhaji Imam suka yi wa juna. Kai dai naka gyaɗa kai, gobe kuma ka sayar da labarin a wata fada.

Na uku, duba masu zama kafin ka zaɓi ɓangare. In masu furfura sun fi yawa, ka ce tun da akun Magana Jari Ce ya yi shiru Hausa ta mutu, littattafan soyayyar Kano kuwa su suka ɓata ƴan mata. In samari ne, juya riga. Tuna musu cewa tun 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, kuma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu har a Indiya an buga shi da Ingilishi a 2012. In fadar ta haɗa tsofaffi da samari, ka ce, "Ai kowanne da zamaninsa," ka miƙa hannu a ba ka shayi na biyu.

Na huɗu, ka iya cinke, amma da taka-tsantsan. A yawancin littattafan soyayya akwai mai kuɗi, akwai talaka, akwai iyayen da suka ƙi. Idan ka ce, "Ni iyayen nan ne suka ba ni haushi," da wuya ka faɗi ƙasa. Sai dai kada daɗin baki ya ja ka zuwa filla-filla. Wanda ya ce ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino amma bai san Sumayya ta faɗa rijiya ba, ya tona wa kansa asiri. Haka wanda ke yabon haƙurin Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne bai san gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu ba.

Na biyar, ka nuna kishin ƙasa. Da zarar hira ta yi nisa a Kano, buga ƙafa ka ce, "Mu fa a Nijar muna da Abdoulaye Mamani!" Littafinsa Sarraounia ya fito a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A nan ka tsaya. Da Faransanci aka rubuta littafin, kuma in mushe na zaune zai tambaye ka wane babi ya fi burge ka. Amsa ita ce, "Mushe, ai duka." Kada ka fara kwatanta dawakan da ka gani a talabijin.

Na shida, kada ka raina littafin kunne. Yanzu masu ban-ruwan albasa a fadama salula na aljihu tana karanto musu labari, wasu a katin memori suka loda, wasu ta WhatsApp ake turo musu kashi-kashi. Kai ma loda naka. Matsalar guda ce: za ka kunna bayan lisha, barci ya sace ka ana neman aure, ka farka ana rabon gado. Kada ka damu. Da safe ka ce marubucin ya yi gaggawa, bai warware tsakiyar labarin ba. Manyan masu sharhi ma abin da suke faɗa ke nan.

Na bakwai, kuma wannan ya fi duka muhimmanci: duk gwanintarka ta tsaya a ƙofar gida. Cikin gida ne ake karatun gaske. A zaman kitso, ɗaya na riƙe da littafi tana karantawa, mai kitso na gyara mata sunan kishiya, wadda ake yi wa na rantsuwa cewa da ita ce da tuni ta tafi gidansu. Su suka san wa ya saki wa, a shafi na nawa, da irin zanen da ta ɗaura ranar. In ƙanwarka ta ce, "Yaya, a ina ka tsaya?" ka tuna ba ka ba akuya ruwa ba. In uwargida ta ce, "Maigida, ya ka ga ƙarshen?" ka ce an kira salla, ko da hantsi ne.

Na takwas, sha'anin mayar da aro. Gwanin gaske ba ya cewa littafi ya ɓata. Cewa yake, "Yana hannu mai kyau." Hannun nan kuwa ya ba wa wani hannu, wanda ya shiga motar Agadas tun bayan girbi. In mai littafi ya matsa, ka ɗora wa gara ko ɗan akuya, tun da ba za a kira su shaida gaban mai gari ba.

In ka lissafa wahalar matsar da tsinke, da haddar shekaru, da gudun ƙanwa, da ƙaryar kiran salla, za ka ga ta fi ta karatun nauyi. Ruwan Bagaja ɗan siriri ne, mai natsuwa zai gama shi tsakanin azahar da magariba, kuma zai yi dariyar da ba ta aro ba. Saboda haka, ɗan'uwa, cire tsinken nan ka fara daga shafi na ɗaya. In ka kai ƙarshe, ka mayar wa mai shi kafin Juma'a, akwai masu jiran layi.