Ranar Da Na Kai Baƙo Gobarau

Abokin aikina a Dutsin-Ma ɗan ɗariƙar Katolika ne, mutumin kirki, sai dai tun da ya dawo daga Faransa ya hana mu sakat da hotunan cocin Notre-Dame. Wai tun 1163 aka fara ginin, wai gobarar 2019 ma ba ta ga bayansa ba. Ni kuwa Bakatsine, kishin gida ya motsa. Na ce, "Malam, in tsufa kake nema, Asabar zan kai ka Hasumiyar Gobarau." Abin da ban faɗa ba: ni kaina daga cikin mota kawai na saba hango ta.

Na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: babbar riga ta shadda da ta sha guga, zanna bukar, takalmi sau-ciki mai santsi. Tun daga Kurfi nake zuba har muka shiga Katsina. Ginin ƙasa ne, tun zamanin Sarki Muhammadu Korau. A da masallaci ce, makaranta ce, daga samanta ake hango mahara. Sarki Dikko ya sa aka gyara ta. Da na ga yana gyaɗa kai, sai na ƙara gishiri, na ce daga can ƙoli har madatsar Zobe ana gani.

Tsawonta bai wuce mita 15 ba, amma wallahi a tsakiyar matakala ta koma mini ɗari. Iska ta cika rigar nan, takalmi ya fara zamewa, na leƙa ƙasa, gwiwoyi suka ce ba da su ba. An ce Katsinawa kunya gare mu ba tsoro ba. Ni ranar duka biyun na haɗa. Na rungume bango ina salati, hula ta yi nata wuri. Baƙon da na kawo kuwa tuni ya kai sama, yana kwaɗo mini kira: "Oga, ta ina Zoben take?"

Da zaune na sauko, matakala ɗaya bayan ɗaya, shadda ta koma jar ƙasa, 'yan makaranta sun yi cirko-cirko suna kallo. Wani ɗan ƙarami ya miƙo mini hulata, ya ce, "Baba, kama hannuna, kar ka ji tsoro." Na kama.

Hoton da aka ɗauke ni a lokacin yana nan a WhatsApp ɗin ofis, kuma har yau ba wanda ya yarda ya goge shi.