Masu Kiwon Walƙiya a Ɗaki

To, jama'ar "ai ƙarya ne", ku matso, amma kowa ya rungume hannunsa. Na san abin da kuke cewa in kun ga saurayi riƙe da dogon ƙwan fitila yana ci ba waya: wannan ya ce siddabaru, wancan ya ce haɗin kwamfuta. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Koyil ɗin Tesla ne, kuma ya girmi kakanninku, don tun 1891 Nikola Tesla ya fito da shi a Amurka.

Na zamaninsa, wuta ce ke tsallake ɗan giɓi tsakanin ƙarafa biyu, da ƙara mai toshe kunne. Masu yi don nishaɗi a yau sun sallami giɓin, sun ɗauki transista aiki. Mafi sauƙi shi ne a samu bututun roba, a naɗe shi da siririyar wayar tagulla zagaye ɗaruruwa, a kewaye gindinsa da mai kauri zagaye uku ko huɗu, a haɗa da transista 2N2222, resista, da batir mai volt 9. Transistan na kunnawa yana kashewa sau ɗaruruwan dubbai a daƙiƙa guda. Dabarar ta lilo ce: in kana tura yaro daidai lokacin da ya dawo, da ɗan yatsa ma sai ka kai shi sama. Haka volt 9 ke zama dubbai a saman bututun.

Alhaji, na ga idonka ya buɗe, kana lissafin wutar banza. Haƙuri. Abin da ke fita bai kai abin da ya shiga ba, batir ɗin ne ke biya. Tesla da kansa ya yi burin aika wuta nesa ba waya, ya gina hasumiyar Wardenclyffe kusa da birnin New York da kuɗin attajiri J. P. Morgan. Attajirin ya ƙi ƙarawa, a 1917 aka rushe ta. In shi bai samu ba, kai da tsohon batir ɗin rediyo sai dai addu'a.

Malam mai "to meye amfaninsa" fa? Ka tambayi wanda ya haura zuwa manyan, masu aiki da MOSFET ko IGBT bibbiyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na hutawa. Da zarar sun kunna tare, ko na ƙiftawar ido, sai ka ji tas, hayaƙi ya tashi, kuɗi sun ƙone. Wanda ya tara gwangwanin ƙonannun transista ya koyi saita lokaci, kuma ilimin nan ne a cikin inbatar shagonka da cajar da ke aljihunka.

Har waƙa suke sa koyil ɗin ya yi. A datse tartsatsin da yake fitarwa sau 440 a daƙiƙa, iska ta girgiza, kunne ya ji sauti guda tsaf. Ƙungiyar ArcAttack ta Texas da haka take cika dandali.

Shakku ɗaya ne na yarda ku riƙe. Babban koyil na ƙuna, kafasita na ajiye wuta bayan an zare soket, mai na'urar bugun zuciya kuwa ya tsaya can nesa. Wanda har yanzu yake cewa haɗin kwamfuta ne, kar ya gwada da yatsa, ya aiko ƙwan fitila ya wakilce shi.