Kwamfuta Ɗaya, Kowa da Ɓoyonsa

A Kakuri ta da, lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa da asuba, asirin magidanci bai wuce akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado ba. Ma'aikacin masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ko na kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, can yake jefa takardar albashi da rasit ɗin fili, ya danna kwaɗo, ya ɗaure makulli a mazagin wando. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne magidantan Barnawa da Narayi da Sabon Tasha a yau, asirinsu kuwa ya koma cikin kwamfuta ta hannu guda ɗaya tal, wadda ke zaune a falo: hoton katin NIN, lambar BVN, sakamakon gwajin asibiti, lissafin bashi, wani lokaci har da hoton wadda ba a sanar da uwargida zancenta ba tukuna. Da an kawo wuta sai layi: mai aikin makaranta, mai kallon fim, mai neman aiki, da baƙon da ya ce minti biyu kawai zai duba JAMB. Ɓarawon intanet na Rasha bai san da zamanka ba, malam. Ƙanin matarka ne ya sani.

A cikin masu ɓoyon asiri, wanda aka fi yawan gani shi ne Mai Rijiya. Folda cikin folda cikin folda, har hawa tara, kowace da sunan da ba ya nufin komai. Shi kansa sai ya yi ɓatan hanya sau biyu kafin ya kai ƙasa. Yana gamawa sai ya miƙe yana murmushi, bai san Windows na jera fayilolin da aka buɗe kwanan nan a fuskar farko ba, Word ma haka. Wanda ya zauna bayansa ba ya buƙatar guga, ruwan ya riga ya hauro da kansa.

Maƙwabcinsa Mai Ɓad-da-kama ya fi shi wayo, a ganinsa. Shi sunan da zai kori mai leƙe yake nema: "Tsofaffin takardun haraji", ko "Tafsirin azumi", ko "Wa'azin Lahadi", gwargwadon gidan. Na harajin yana aiki, don ban taɓa jin wanda ya buɗe shi don nishaɗi ba. Na wa'azin ne ke da haɗari, domin akwai ranar da surukarka za ta zo daga gida ta ce wa jikanta, "Kunna mini wannan in saurara kafin babanku ya dawo." Akwai kuma ɗan'uwansu da ya gano inda ake latsawa folda ta ɓace daga ido, yana ji kamar ya yi layar zana. Latsawa biyu ke dawo da ita, kuma yaran ƙaramar sakandare sun san wurin.

Sai Mai Kalmar Sirri, wanda a kansa nake so in daɗe, don shi ne mu duka. Ya ji ana cewa a sa fasuwod, ya sa. Sunan 'yar auta ne, ko shekarar aure, ko 123456, wadda ta sha zuwa ta ɗaya a jerin da kamfanin NordPass ke fitarwa duk shekara na kalmomin da mutane suka fi amfani da su. Mai tsoron mantuwa kuma ya rubuta a takarda ya manna a ƙasan kwamfutar. Amma ko da ya zaɓi mai wuyar gaske, ba a nan gizo ke saƙar ba. Yana banɗaki da bokiti sai ya ji murya daga falo: "Kawu, mene ne fasuwod ɗin?" Shi kuma ya ɗaga murya ya amsa, harafi bayan harafi, har da "babban baƙi ne na farkon", a gidan haya mai ɗaki takwas. Mai shanya a tsakar gida ta haddace, mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya haddace.

To me zai yi? Ya hana? Wanda ya hana matarsa kalmar sirri ya sayi tambayar da ta fi asirin nauyi: "Me kake ɓoyewa?" Wanda ya hana ƙaninsa za a kai ƙararsa wurin Hajiya a waya, a ce tunda ya sami aiki ya canza. Wanda ya hana baƙo kuwa ya zubar da mutuncin gida. Waɗanda suka ƙera na'urar sun ɗauka kowane mutum da tasa, ko kuma zai iya kallon idon yayansa ya ce a'a. Ba su san kunya ba. Abin takaicin shi ne maganin yana cikin kwamfutar tun zamanin Windows XP a 2001: a buɗe wa kowa asusunsa, maigida ya riƙe na shugaba, yara da baƙi su sami na gama-gari wanda ba ya leƙa foldar wani. Ka ba da kwamfuta, ba ka ba da asiri ba, ba ka kuma ce wa kowa a'a ba. In za ka tashi, ka haɗa maɓallin Windows da L, ta kulle. Amma yawancin namu yadda mai shago ya miƙo su haka suke, asusu ɗaya mai suna HP, kowa sarki a ciki. Ko an raba ɗin ma, kalmar shiga ba ta sauya abin da ke rubuce a rumbun ajiya. Duk yaron shagon gyara zai iya tayar da na'urar da filashi mai Linux, ko ya zare rumbun ya jona a wata, ya karanta komai yana cin gyaɗa.

Mai Filashi ya fahimci wannan, shi ya sa ba ya barin komai a kwamfuta. Asirinsa na rataye da makullin babur. Matsalarsa ba shi da firinta, don haka duk sanda zai buga takarda sai ya kai filashin shago a Sabon Tasha, a soka a kwamfutar da ta karɓi na mutum ɗari tun safe. In ya yi sa'a ya dawo da bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar hotonsu kawai. In bai yi sa'a ba ya manta shi a can. Na uku kuma, ranar Asabar ce, wando ya shiga ruwan omo.

Mai Gogewa ba ya ɓoyo, share sawu yake yi, sai dai bai taɓa zubar da kwandon shara ba. Ko ya zubar, a tsofaffin rumbuna masu juyawa suna kawai aka cire daga rajista, abin yana nan har sai an rubuta wani a kansa, kuma manhajar kyauta irin Recuva na tono shi. Shi ne kuma ke barin WhatsApp ɗinsa a buɗe a kwamfuta ya tafi kallon ƙwallo, saƙonni na shigowa ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kallon fim. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne Mai Kawo Ofis Gida, da sunayen marasa lafiya ko albashin ma'aikata a foldar da ke maƙwabtaka da wasan mota. Asirin ba nasa ba ne, kuma tun Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan alhakin tsare su.

Gwani kuwa, a ba shi haƙƙinsa, shi kaɗai ya yi kulle na gaskiya. Ya kunna BitLocker, ko ya sa VeraCrypt wadda ta gaji TrueCrypt, ko ya ƙulle fayil da 7-Zip. Waɗannan rikita rubutun suke yi gaba ɗaya, ko an zare rumbun shirme za a gani. Ya yi wa kowa lacca a majalisa har an gaji. Sai dai BitLocker na da makullin ceto mai lambobi 48, Gwani kuma ya ɗauki hotonsa ya adana a cikin kwamfutar da ya kulle. Ranar da ta nemi makullin bayan an taɓa mata wani abu a ciki, sai ga shi a shagon gyara da fuskar makoki. Mai gyara ya juya ta, ya girgiza kai: "Oga, wannan sai dai fomat." Takardar filin Gonin Gora na ciki, babu kwafi ko'ina, don ya ce kwafi rauni ne.

Duk wannan hayaniya, uwar adashi tana gefe tana tsince shinkafa. Lissafinta yana nan a fili a fuskar kwamfuta, babu kulle. Buɗe ka gani: Mai Jan Gyale ta zuba, Ba-ta-gaisuwa saura biyu, Matar Mai Tumbi ta kwasa. Ko hukumar EFCC sai ta nemi tafinta. Asirin sauran 'yan gidan kuwa ba ta taɓa wahalar nema ba. Akwai 'yar shekara tara da kowa ke kira ta zo ta gyara masa sauti ko ta nemo masa abin da ya ɓata, babu mai rufe fuskar kwamfuta don ta tsaya a bayansa. Kuɗin aikinta alewar naira hamsin ne, kuma takan kawo rahoto tun kafin a sauke tukunya.