Hukunce-hukuncen Ajiye Kaki: Nasiha ga Tsohon Ɗan Sanda

Doka ta ƙayyade wa ɗan sanda a Nijeriya cewa idan ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, sai ya miƙa kayan hukuma ya koma gida. Amma ita dokar, duk da yawan sassanta da ƙananan sassanta, ba ta faɗa masa abin da zai yi da safiyar Litinin ta farko ba, sa'ad da ya farka kafin assalatu bisa al'ada, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, sa'an nan ya tuna babu fareti. Saboda haka na ga ya dace in jero wa 'yan'uwanmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni a Kano, waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a caji ofis, 'yan hukunce-hukuncen wannan babi, da wajibinsa da mustahabbinsa da makaruhinsa.

Mu fara da rafkanuwa, domin ita ce ta fi yawa. Idan ka ga mota mai jiniya ta taho daga hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ka ƙame ka sara mata alhali kana sanye da jallabiya kana riƙe da ledar tumatir, to babu ƙabli babu ba'adi a kanka, sai dai ka sauke hannu a hankali kamar mai gyara hula. Haka nan idan cunkoso ya sarƙe a titin Zariya, 'yan adaidaita sahu sun cusa kai ta kowace kafa, ka ji tafin hannunka yana ƙaiƙayin ba da hannu, makaruhi ne ka fita, tun da ga yaran KAROTA masu kula da hanya nan an ɗauke su domin haka. In kuwa su suka tsayar da kai, haramun ne ka ce, "Ka san ko ni wane ne?" Kai da kanka ka san irin amsar da kake bai wa masu faɗin haka a zamaninka. Ka yi sallama, ka nuna takardunka, ka ce, "Sannu da aiki, ɗana," za ka ga yaro ya rusuna ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Babbar mas'ala tana cikin gida. Ka sani, duk tsawon shekarun da sigina take ɗauke ka daga Wudil zuwa Maiduguri, daga can zuwa wata jihar da ba ka jin yarenta, uwargida ce take riƙe da wannan ofishi, ita ta san kuɗin makaranta, ita ta san wane yaro ne ba ya son miyar kuka, ita ta kwana a asibiti da mai ƙyanda. Saboda haka ka shigo a matsayin sabon kurtu mai neman a nuna masa aiki, ka bar mata kujerarta. 'Ya'yanka kuma ba waɗanda ake tuhuma ba ne. Idan saurayi ya dawo bayan isha'i, ka tsare shi a zaure kana jero masa ina ka je, da wa, ƙarfe nawa, wa zai shaide ka, har ka fara laluben biro, to ka saurari muryar da za ta fito daga tsakar gida tana cewa, "Malam, tuwo yana hucewa, a ɗage ƙarar nan zuwa gobe." Ka ɗage. Yaron da ya girma yana ganin ubansa sau uku a shekara yana bukatar hira kafin bincike, kuma abin da ba zai faɗa a tsaye ba zai faɗe shi da kansa in kun zauna kan tabarma ɗaya kuna cin gyaɗa.

A masallaci, daidaita sahu aikin liman ne. Ya halatta ka matsa wa na kusa da kai, amma ban da bin sahu kana duba duga-dugai.

Sai maganar kuɗi, wadda dariya take ƙarewa a bakinta. Bisa dokar fansho ta 2004, kamar yadda aka sabunta ta a 2014, ana yankar kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 10, a tara masa a asusu. Ran da ya ajiye aiki a ba shi wani kaso dunƙule, saura kuma a riƙa gutsura masa wata-wata. An cire sojoji da jami'an tsaro na farin kaya daga wannan tsari, aka bar 'yan sanda a ciki, abin da ya sa tsofaffinsu suka fito zanga-zanga a Abuja a watan Yulin 2025, masu furfura suna ɗaga kwalaye a gaban hedikwatar da suka yi wa hidima. Ni a ganina suna da gaskiya, domin wanda ya tsaya gaban harsashi tare da soja bai kamata a raba su wajen sakamako ba. To, kafin a gyara, wajibi ne a kanka ka adana takardar ɗaukarka aiki da ta kowane ƙarin girma, ka tabbata ranar haihuwarka iri ɗaya ce a cikinsu duka, saboda harafi guda da ya saɓa yana iya sa dattijo zarya wata da watanni.

Ran da dunƙulen ya faɗo asusu kuwa, ka yi shiru kamar yadda ka saba ɓoye sirrin bincike, domin a makon nan za ka ga dangin da rabonka da su tun kana kofur, da mai kawo shawarar kiwon kifi, da yaro mai ladabi wanda zai riƙa kawo balas kullum in ka saya masa adaidaita, da mai waya a hannu wanda ya san inda kuɗi suke haihuwa. Waɗanda damfarar MMM ta cinye a 2016 ba duka jahilai ba ne. Abin ban tausayi shi ne, mutumin da ya shekara talatin yana kama 'yan damfara ya fi kowa sakankancewa ba za a damfare shi ba, su kuwa wannan sakankancewar suke nema. Ka ajiye kuɗin wata uku ba ka taɓa ba, sa'an nan ka shiga sana'ar da za ka iya tsayawa a kanta da ƙafarka. Ƙarin aure da kuɗin giratuti kuwa, malamai sun halatta, lissafi ya karhanta.

Magabata sun nuna hanyoyi iri-iri. Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e ta Kano, kafin ya tafi jakadanci Senegal, aka naɗa shi Sarki a 1963; wannan ƙofa dai ba kowa ake buɗe wa ba. Wadda ta fi kusa da kai ita ce ta Audu Bako, kwamishinan 'yan sanda wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar mana madatsar Tiga da gidan namun dajin nan da ke maƙwabtaka da ku, sa'an nan ya koma gona. M. D. Yusufu kuma, bayan ya sauka daga Sufeto Janar a 1979, ya fito takarar shugaban ƙasa a zamanin Abacha, lokacin da mutane da yawa suka kama bakinsu.

Akwai abin da ba a cika faɗa a majalisa ba. Wanda yake bakin aiki ran Juma'a 20 ga Janairun 2012, sa'ad da aka kai hari ofisoshin 'yan sanda a Kano, har da na Farm Centre a nan Tarauni, ya ɗauki gawar abokin da suka yi karin kumallo tare, ba abin kunya ba ne idan fashewar taya tana sa shi zabura, ko barci yana gagararsa. Ya riƙe addu'a, ya kuma je Asibitin Malam Aminu Kano ya ga likita, a auna jininsa, ya faɗi abin da yake gani cikin dare. Haka kuma, idan a teburin mai shayi ka haɗa ido da wanda ka taɓa jefawa bayan kanta ba bisa haƙƙi ba, ko ka karɓi kuɗinsa a kan belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, to malamai sun yi ittifaƙi cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ka bi shi gida, ka mayar da abin da za ka iya, ka nemi yafiya. Makarantar dattawa ta bayan magariba tana nan, kuma babu aibi sufeto ya zauna a gaban malamin da ya haifa ya ɗauko daga Ahalari.

Ku kuma masu unguwannin Gyadi-Gyadi da Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku, ga mutum a cikinku wanda ya san yadda rigimar kan iyaka take zama shari'ar shekara biyar, ya san abin da yake faruwa da yaro daga daren farko da ya kwana a tsare, ya iya sauraron masu husuma biyu ya gane inda zance ya karkace. Kada ku bar shi a kan benci yana ƙirga motoci. Ku sa shi cikin masu sulhu, ku ba shi horar da 'yan sintiri domin su san iyakarsu, kuma in an zo ɗaurin aure a shimfiɗa masa a gaba, a kira shi da Yallaɓai yadda aka saba.